Kogon da Baba Ya Zaɓa

A ƙauyenmu babu dutse. Daga bakin kogin Nilu, wanda mu muke ce wa bahar, har inda ido ya ƙare, baƙar laka ce a shimfiɗe. In ka ga tudu, to ƙasar da aka haƙo ce daga magudanar ruwan gonaki aka jibge a gefe. Mutum yana iya tsufa a nan bai taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo ba. Saboda haka ranar da aka tsayar da mota aka tambaye mu wane kogo muke so mu gani, an tambayi mutanen da ba su da ilimin abin.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, Baba kuwa mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana kai tsaye ba. In yana so in kawo jaki, sai ya ce wa Inna, ina tsaye a gabansa, "Ki ce ma wancan shi kawo jaki." In Inna ba ta nan ya faɗa wa ƙanena, in ƙanena ba ya nan ya faɗa wa katanga. Na girma, na yi karatu a Sinja, na zama malamin makaranta a can, na yi aure na haifi uku, ban daina zama wancan ba. Kakanninmu da wannan kunyar ta ɗan fari suka taso daga ƙasar Sakkwato. Sun zubar da kaya da yawa a hanya, amma ita sun iso da ita lafiya. Samarin yanzu, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, dariya abin yake ba su. Ni bai taɓa ba ni dariya ba. Yana ci mini rai tun ina yaro, sai dai babu wanda zan kai wa ƙara.

Shekarar da idonsa ya fara ba shi wahala, ba shi ya faɗa ba. Mu muka ga yana buga ƙafa a ƙafar gado, yana miƙa hannu gefen kofin shayi sannan ya lalubo kofin. Likitan Sinja ya tura mu Madani, na Madani ya ba da maganin ɗigawa. Sai Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Bur Sudan, ta kafe a kawo shi wurinta. A ganin Gwaggo duk abin da ke bakin teku ya fi na cikin ƙasa, har da likita. Baffa, ƙanen Baba, ya ce zai raka mu. Babu wanda ya gayyace shi, amma da asuba muka same shi a tasha da jakarsa, ya riga ya zaɓi kujerar taga.

A Bur Sudan likita ya daɗe yana haska idon Baba. Da ya gama sai ya ce a fita da shi ya huta a benci, ni in tsaya. A ƙasar nan ciwon ido na tsufa iri biyu aka sani. Akwai farin ruwa, wanda ake jira ya nuna a cire, mutum ya koma yana zura zare a allura. Akwai baƙin ruwa, wanda abin da ya ci ya ci ke nan. Likita ya ce na Baba baƙin ne. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu saura ɗan haske a tsakiya, shi ma ba zai daɗe ba.

A wurinmu ba a gaya wa babba mugun labarin jikinsa. Ana gaya wa 'ya'yansa, su kuma su haɗiye. Na fito na tsaya gaban benci, na dubi Baffa, don ta wurinsa zan bi, na ce farin ruwa ne, an ce a bari ya nuna sannan a cire. Baba ya ce wa Baffa, "Alhamdu lillahi." Gwaggo kaɗai na gaya wa gaskiya, a madafa, tana yanka albasa, don haka babu wanda ya tambaye ta dalilin hawaye. Baffa ban gaya masa ba. Mutumin kirki ne, amma magana ba ta kwana a cikinsa.

Kwana ɗaya ya rage mana. Baba ya ƙi ƙara ko yini, domin layin ruwan gonarsa ya kusa, kuma a gonakin ban ruwa in layinka ya wuce ka, sai ka zauna ka kalli dawarka tana naɗe ganye har a zagayo. Ni na kawo shawarar a fita yawo a wannan rana. Maƙwabcin Gwaggo yana da a-kori-kura, yana kai baƙi gefen teku. Na faɗa wa kowa don a sha iska ne. Abin da ke zuciyata shi ne in cika wa Baba wannan ɗan idon da ya rage da abu mai kyau, ya sami abin tunawa in haske ya ɗauke. Ban san me zan iya yi masa ba bayan wannan.

Muka fita bayan shayin safe. Baba a gaba kusa da direba, ni da Baffa da Gwaggo a baya a kan tabarma. Hanya ta bi gaɓar teku, ruwa a gefe guda, shuɗi mai haske kusa da yashi, can ciki kuma ya yi duhu, duwatsu jajaye a ɗaya gefen. Raƙuma suna tsaye a bakin ruwa ba su da aikin yi. Ta gilashin baya ina kallon Baba yana juya kansa gaba ɗaya, a hankali, yana bin teku da idon hagu. Baffa ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tambayi Gwaggo ko ana shuka wani abu da shi. Ta ce gishiri ne. Ya ce, "Duk wanga ruwa? Asara." Bai sake kallon wannan gefen ba.

Da hantsi muka iso inda hanya ta rabu biyu. Akwai rumfar wata mai gahawa, muka sauka. A nan direba ya yi mana bayani. Bahaushe ne haifaffen Bur Sudan, Hausarsa rabi Larabci, amma an gane. Ya ce koguna biyu ne ake kai baƙi, kuma ɗaya kaɗai za mu samu, don suna nesa da juna, motarsa kuma ba ta son a matsa mata. Na farko yana gaɓar teku. Ruwa yana shiga cikinsa, rufinsa yana ɗiga, in rana ta tsaya sai haske ya bi ta ƙarƙashin ruwan ya mai da kogon duka kore, har fuskar mutum. Bayan azahar hasken ya tafi. Na biyu yana cikin duwatsu, busasshe ne, mai zurfi, akwai wani dattijo da ke shiga da mutane da fitila. Ya ciro waya ya nuna mana hoton na farkon. Baba ya karɓa ya kai ta kusa da idon hagu, ya daɗe, ya miƙa wa Baffa.

Ni a wurina zance ya ƙare. Mutumin da hasken idonsa ke ƙarewa, ai wurin haske za a kai shi. Na buɗe baki ke nan Baffa ya gyara zama.

Sai an san wani abu game da Baffa. A yankinmu ba a gina rumbu sosai, rami ake haƙawa a ƙasa a zuba dawa a rufe da ƙaiƙayi da laka, ana ce masa matmura. Baffa shi ne gwanin matmura na ƙauyuka uku. Shi ake kira ya zaɓi wuri, ya ɗanɗana ƙasa, ya ce a haƙa ko a matsa gaba. An taɓa buɗe wadda ya haƙa bayan shekara bakwai aka sami dawa kamar jiya aka zuba, kuma babu ɗaurin auren da bai ba da wannan labari ba. Duk rami a duniya, Baffa yana ganin a ƙarƙashin ikonsa yake.

Ya tambayi direba, "Ka ce na tekun yana ɗiga?"

Direba ya ce, "Aiwa, daga sama, ɗis-ɗis."

"Damina da rani?"

"Kullum."

"Ƙasa kuma ruwa kwance?"

"Ruwan ai shi ne abin kallon, ya Hajj."

Baffa ya girgiza kai kamar an ba shi labarin rasuwa. "Na dutsen hwa, buhu nawa za shi ci?"

Direba ya ce bai taɓa lissafawa ba. Baffa ya tambaya ko akwai gara, ko akwai ɓera, ko bangon yana gumi da sanyi. Direba ya ce jemagu ne kawai. Baffa ya ce jemage ba shi cin dawa. Sannan ya juyo gare mu ya yanke hukunci. "Ramin da ke yoyo ba rami ba na. Mu taso tun daga bahar, kwana guda a mota, mu zo kallon ramin da ya lalace? In munka koma gida anka tambaye mu mi munka gani, mu ce mi?"

Na ce masa ba ajiya muka zo yi ba. Ya ce ko ba ajiya ba, abu mai kyau mai kyau ne. Na yi masa bayanin haske da ruwa irin yadda nake yi wa 'yan aji biyar. Ya saurara har na gama, ya ce shi ya sa dawar malaman makaranta take ruɓewa. Gwaggo ta sa baki ta ce gwiwarta ba ta hawa dutse. Baffa ya ce gwiwar da ta hau benen asibiti jiya ba tsayawa? Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya a kan ƙanen mahaifina, a gaban mai gahawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce duhu muna da shi a gida, ba sai an biya mota an zo nemansa ba. Na ce a bar Baba ya ga abu mai kyau sau ɗaya.

Baffa bai yi fushi ba, mamaki ya yi. Ya ce, "To mi na na gaggawa, ɗana? In anka cire mai ruwan, ku dawo shi gani da ido biyu. Yanzu da rabin ido mi za shi gani?"

Ƙaryar da na yi jiya ita ta tare mini hanya, kuma ni na gina ta da hannuna. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana juya kofin gahawa. Kowa ya dubi Baba, don a ƙarshe duk surutunmu na banza ne, maganarsa ce za a bi.

Baba ya shanye gahawarsa. Ya tambayi direba, "Na dutsen, in an shiga can ƙurya, ana hango hasken waje?"

Direba ya ce, "La, ko kaɗan. In an kashe fitila, hannunka ma ba ka gani."

Baba ya ce, "Can za mu."

Baffa ya miƙe ya karkaɗe riga, ya riga kowa hawa mota. A hanya ya yi ta ba Gwaggo labarin matmurar shekara bakwai. Ni kuwa na juya baya. Ina kallon teku tana ƙanƙancewa a bayanmu har duwatsu suka rufe ta. Na ji haushin Baffa, na ji haushin kaina, amma wanda na fi jin haushi Baba ne. Rana ɗaya tak na roƙa masa, ya ɗauka ya ba ƙanensa don kada ya kunyata shi. Haka na fassara abin.

Kogon bai ba ni kunya ba, yadda na zata haka yake. Baki ne a jikin dutse, kashin awaki a ƙofa, warin jemage daga ciki. Dattijon da ke tsaronsa mutumin duwatsun nan ne, siriri, da fitilar batir a hannu, ba ya ɓarnar magana. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa ta ce nan ta tsaya. Mu uku muka bi shi. Hanyar ta gangara, ta lanƙwasa hagu, ta ƙara lanƙwasawa, sai ga mu a wani ɗaki mai faɗi, fitila ba ta kai rufinsa. Babu abin kallo ko ɗaya. Baffa ya auna shi da taku, tsawo da faɗi. Ya shafa bango ya duba tafin hannunsa. Ya ɗebi ƙurar ƙasa ya sa a harshe. Ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa, zai ci noman ƙauyenmu na shekara biyu. Dattijon ya dube ni, na kau da kai.

Sai Baba ya ce wa Baffa, "Ce mai shi kashe fitila."

Aka kashe. Na sha ganin duhu, daren damina da babu wata, ɗaki a rufe, amma a can ko yaya ido yana samun abin kamawa. Nan babu. Na buɗe ido na rufe, duk ɗaya. Ba a jima ba Baffa ya fara karanta addu'o'i ƙasa-ƙasa, sannan ya ce to an gani, a kunna. Baba ya ce a bari tukuna.

Can na ji muryarsa kusa da ni. "Kai."

Ban amsa ba, na ɗauka da Baffa yake.

"Kai nike ma magana."

Shekarata talatin da takwas a lokacin. Na ce, "Na'am, Baba."

"Wata nawa likita ya ce?"

Na yi niyyar in sake maimaita zancen farin ruwa, bakina ya ƙi. Na ce bai ƙidaya ba, ya dai ce ba zai daɗe ba.

Baba ya ce, "Haka ni ma na auna. Mai ido shi ka sanin abin da ya rage mai, ba sai an hwaɗa mai ba. Da hwarin ruwa na, da ba a hidda ni waje anka tsai da kai ba." Ya ƙara da cewa, "Kore na gani, shekara hamsin ina cikin gona. Wanga na ban sani ba. Na ce in zo in ga irinshi tun ina da ƙohwar hita."

Na tambaye shi yaya ya same shi. Ban san me ya sa na yi wannan tambaya ba, kamar wanda aka kai ganin gidan haya.

Ya ce, "Ana zamnawa. Na zaci mutum shi kaɗai ka zama ciki. Ashe ana jin mutane. Ga wancan yana ta addu'a, ga ka kana hushi." Sannan ya ce, "Matso."

Na matsa wajen muryar. Hannunsa ya taɓa ƙirjina, ya hau, ya lalubi wuyan rigata, ya sauka a kafaɗa. Tafin hannun yana da kaushi da nauyi. Tun da na yi wayo ban san taɓawarsa ba. Ya ɗan matsa kafaɗar, irin yadda yake gwada buhu ko ya cika.

Ya ce, "Yaushe ka hi ni tsawo?"

Na ce, "An yi shekara ashirin, Baba."

Ya ce, "Ba a hwaɗa min ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Duhun ya yi mini amfani a nan. Daga can gefe Baffa ya ce, "Wane wata? Mi kuke hwaɗi?" Addu'ar ta tsaya. Jim kaɗan muka ji yana fyace hanci. Da dattijon ya kunna fitila, Baffa ya ba mu baya, ya kafa fuska a bango yana duba ko akwai damshi, kuma ya daɗe yana dubawa.

Muka fito. Hasken waje ya soki ido, Gwaggo ta miƙe tana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kalli hannun da ke kafaɗata. Baba ya ce mata, "Ki ce ma wancan shi bi a hankali, akwai gangara." Ta faɗa mini. Na bi a hankali. Bai ɗauke hannun ba har muka isa mota.

Mun iso gida kwana ɗaya kafin layin ruwa, dawa ta sha. Hasken idon hagu ya kai shi har girbi, ya ƙare kafin a gama tsinkar auduga. Na nemi a mai da ni makarantar ƙauyenmu, aka mai da ni. Baffa har yau yana ba da labarin kogon a ɗaurin aure, bayan na matmura, kuma yana cewa shi ya zaɓa. Ba mu taɓa ƙaryata shi ba. Kogon kore kuwa ban taɓa ganinsa ba. Direban ya turo mini hoton, yana nan a waya, ban cika buɗewa ba.

Kunya ba ta tafi ko'ina ba. A tsakar gida, ko a gaban baƙi, ni wancan ne kamar kullum. Amma kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan kai Baba gona, ya zauna a bakin magudana ya saurari ruwa, ya faɗi ko ya isa ko a ƙara. A kan wannan hanyar, daga bayan masallaci zuwa gona, yana yi mini magana kai tsaye. Ya ba ni labarin mahaifinsa, da yadda ya nemi auren Inna, da ranar da aka haife ni, yadda ya tafi gona ya yini don kada a ga fuskarsa. Duk abin da na sani game da shi a wannan 'yar hanyar na ji.

Jiya na makara, ƙaramar 'yata ta zubar mini da shayi a riga sai da na canza. Ina shiga gidan Baba na same shi tsaye a ƙofar ɗaki, ya sa hula, yana ce wa Inna, "Ki ce ma wancan rana ta yi." Hannunsa na dama kuwa yana ɗage a iska, daidai tsawon kafaɗata.